Lambobin Yaƙin Bama: Kurakuran da Masu Tarawa Suka Fi Yi

A gidaje da dama akwai tsohuwar adaka da lambobin yabon kaka a ciki. Kuskuren farko shi ne a ga tauraruwa a ce ta Bama ce, wato ƙasar Burma, Myanmar ta yau. Sai a duba ƙyallen. Na Burma Star ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ruwan goro, kuma an ba da ita ga wanda ya yi aiki a fagen yaƙin Bama daga 11 ga Disamba 1941 zuwa 2 ga Satumba 1945. Sojan Najeriya da ya yaƙi Italiyawa a Habasha a 1941, Africa Star ya samu. Wasu sun samu duka biyun.

Babban kuskure, a ganina, shi ne raba lamba da takardunta. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu da Ingila ta raba wa sojojinmu galibi ba a rubuta suna a jikinsu ba. Idan takardar sallama ta ɓace, lambar ta zama ƙarfe kawai, ba mai iya cewa ta wane ce. A haɗa su wuri guda da hoto da bajen kafaɗa, domin bajen ma shaida ne: gizo-gizo na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, mashi biyu a giciye bisa gammo kuwa na Runduna ta 82. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin na yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916, su da sauƙi, an buga suna da lambar soja, wato lambar rajistarsa, a bakinsu ko a bayansu.

Sai goge-goge. Wani zai sa toka da lemon tsami ya dirje ta har ta yi ƙyalli, alhali rubutun yake cinyewa. Tsumma mai laushi ya isa. Kada a yar da tsohon ƙyalle ko da ya koɗe. Kuma taurarin nan ba zinariya ba ce, haɗin jan ƙarfe da tutiya ne, kada a kai wa maƙeri ya narka.

Wajen bincike, mutane kan nemi kaka da sunan da aka san shi a gida, su gaji su haƙura. Akawun soja kan rubuta mutum da sunan garinsu, ko ya karkata sunan, Muhammadu ya koma Momadu. Lambar soja ita ce ba ta sauyawa, da ita za a fara. Idan kakan bai dawo ba, hukumar Commonwealth War Graves Commission tana da jerin mamatan yaƙin a intanet, kuma ana iya nema da lambar soja.