Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da darasin sharar birni a jami'a, da yadda za a gyara su

A yawancin sassan nazarin muhalli na jami'o'inmu akwai kwas da aka ware wa sharar birni: yadda ake tara ta, a kwashe, a sarrafa, a binne abin da ya rage. Ɗalibi zai ci jarrabawar kwas ɗin da maki mai kyau, ya zana maka ramin binne shara na zamani da duk shimfiɗunsa. Amma tambaye shi kilo nawa na shara gidansu ke fitarwa a rana, ko ina motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ke juye abin da ta kwasa a unguwarsu, sai ka ji shiru. Kusan duk kurakuran da zan ambata daga tushe ɗaya suka fito: ana koya wa ɗalibi sharar garin da ke cikin littafi, alhali ta garinsu za a ɗauke shi aikin kwashewa.

Sharar littafi da sharar tsakar gida

Manyan littattafan wannan fanni a Amurka da Turai aka rubuta su, kuma alƙaluman da ke ciki na can ne. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa mutum ɗaya a Arewacin Amurka yana fitar da sama da kilo 2 na shara a rana, matsakaicin duniya kilo 0.74 ne, na Afirka kudu da Sahara kuwa kilo 0.46. Bambancin bai tsaya ga yawa ba. Sharar ƙasashe masu arziki kusan rabinta takarda ce da kwali da roba da kwalba da ƙarfe, busasshiya mara nauyi. A ƙasashe matalauta fiye da rabinta ragowar abinci ne da ganye. Tamu ta Arewa kuma tana da wani ƙari da littafin bai san da shi ba: yashi da turɓayar da tsintsiya ke tattarowa daga tsakar gidan da ba siminti, da tokar murhu, da kashin awaki.

Idan malami ya wuce wannan da layi ɗaya, duk lissafin da zai biyo baya ya karkace. Motar da ke matse shara an ƙera ta ne don sharar da kubik mita ɗinta bai wuce kilo 100 zuwa 150 ba. Tamu tun daga bola takan ninka haka biyu ko uku, ba abin matsewa a cikinta, yashin kuma ci yake yi wa injin. Haka batun ƙona shara don samar da lantarki, wanda ɗalibai ke ƙaunar rubutawa a matsayin mafita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce sharar ta kai megajul 7 na zafi a kowane kilo kafin ta ci wuta da kanta ba tare da an ƙara mai ba. Jiƙaƙƙiyar sharar watan Agusta mai cike da ƙasa da ɓawon masara ba ta kusa da nan.

Gyaran ba tsada. A makonnin farko na zangon karatu a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki gidaje a unguwanni masu bambancin hali, misali cikin birni, da unguwar ma'aikata, da sabuwar unguwa ta bayan gari. A raba wa gidajen buhuna, a riƙa karɓa kullum har kwana takwas, a zubar da ta ranar farko domin mutane kan haɗa da tsohuwar da ta taru. A auna a sikeli, a raba da yawan mutanen gidan. Daga nan a juye a kan tamfol, a gauraya, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna, a maimaita har a samu kimanin kilo 100, sannan a ware da hannu: abinci, leda, kwali, tsumma, gwangwani, kwalba, da abin da ya bi ta rariya. A busar da samfuri a ɗakin gwaji don a san yawan ruwan da ke ciki. In sashe ya riƙa yin wannan da rani, wani ajin kuma da damina, ya adana sakamakon, cikin 'yan shekaru zai mallaki alƙaluman da ita kanta hukumar kwashe shara za ta zo nema. Kuma ɗalibai za su gani da idonsu yadda lokacin mangwaro, da lokacin rake, da makon layya ke sauya kamannin bola.

Kusa da wannan akwai cutar kundin kammala karatu. Ɗalibi zai buga takardar tambayoyi ɗari, ya raba, ya tambayi mutane ko sun gamsu da yadda ake kwashe shara, ya zana jadawali, ya rufe da cewa gwamnati ta wayar da kan jama'a. Takardar tambayoyi tana da wurinta, musamman in ana son sanin nawa magidanci zai iya biya a wata. Amma ba a tambayar mutum nauyin shararsa, aunawa ake yi. Malamin da ke duba kundi ya sa sharaɗi: ba kundin shara da zai wuce sai da wani abu da ɗalibin ya auna da kansa.

Mutanen da ba sa cikin manhaja

Ana zana wa ɗalibai hanyar shara kamar haka: gida, kwando, mota, juji. A garuruwanmu tsakanin gida da mota akwai yaron da ke kwasa a baro a biya shi, akwai mai gwangwan da ke yawo yana saye, akwai 'yan bola masu tsinta, akwai dila mai sikeli a bakin titi, akwai masu niƙa roba, akwai tirelar da ke ɗaukar ƙarfe zuwa masana'antun narkarwa. Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano makarantu ne na wannan fanni, an daɗe ana sarrafa tsohon ƙarfe da alminiyam a cikinsu tun kafin a buɗe sassan muhalli da yawa. Mafi yawan abin da ake sake sarrafawa a biranenmu ta hannun waɗannan mutane yake bi, amma a aji ko dai ba a ambace su ba, ko a ambace su a matsayin matsala.

Illar ita ce ɗalibin zai fito ya tsara masana'antar ware shara, ya lissafa ribar ƙarfe da robar da za a samu, bai san an riga an tsince su kafin mota ta iso ba. A Alƙahira an ga irin wannan a farkon shekarun 2000, lokacin da aka ba kamfanonin waje kwangilar kwashe shara aka tsallake Zabbalin, masu kwasa gida-gida da suka daɗe suna sake sarrafa mafi yawan abin da suka tara. A gayyato dila cikin aji ya faɗi farashin kilo na kowane kaya da dalilin hawa da saukarsa. A sa ɗalibai su bi robar ruwa ɗaya daga hannun mai sha har inda aka niƙa ta. Kuma a faɗi ɓangaren da ba daɗi: ƙona waya don a ciro tagulla, fasa batirin mota da gatari dalma na zuba a ƙasa, ƙananan yara a kan juji ba takalmi, da sayen kayan sata da ya sa hukumomi ke yawan fatattakar masu sana'ar. Ɗalibin da zai zauna a ofishin hukuma gobe yana buƙatar sanin duka biyun.

Manoma ma an manta da su. Tun da daɗewa manoman kewayen Kano suke sayen sharar birni su kai gona a matsayin taki, a da a kan jakuna, yanzu a tifa, musamman da rani kafin shuka. Wato kasuwar taki tana nan, ba sai an ƙirƙire ta ba. Abin da ya lalata ta shi ne leda da kwalba da ƙananan batura da suka cika sharar yau. Duk da haka sai ka ga an koyar da haɗa taki a allo kawai: kabon kashi 25 zuwa 30 ga naitirojin kashi ɗaya, danshi kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, zafi ya haura digiri 55 na kwanaki don ya kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Duk gaskiya ne, amma ɗalibi ba zai riƙe su ba sai ya tara tsibinsa a bayan sashe da ragowar kayan miya daga kasuwa irin 'Yan Kaba da busasshen ganye, ya soka ma'aunin zafi kullum, ya ji warin da ke tashi in ruwa ya yi yawa, ya ga yadda iskar hunturu ke busar da tsibin har ruɓewa ta tsaya.

Juji ba ramin zamani ba ne

Ana ɓata makonni kan zanen ramin binne shara na zamani: shimfiɗar yumɓu, shimfiɗar roba mai kauri, bututun kwashe ruwan dagwalo, bututun iska, rufe sharar kowace rana da ƙasa kimanin santimita 15. Ya kamata a san wannan. Sai dai abin da ɗalibin zai tarar a wurin aiki buɗaɗɗen juji ne, sau da yawa tsohon kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, wanda gidaje suka riga suka kewaye. Tambayoyin da za a yi masa su ne: yaya za a rage illar wannan jujin da kuɗi kaɗan, yaya za a rufe shi, kuma me za a gaya wa wanda ya sayi fili a kansa yana son yin gini?

Don haka a koyar da abin da ke faruwa a cikin juji. Ruwan sama na ratsa shara ya fito baƙi, ya gangara zuwa rijiyoyin makwabta, kuma kududdufin da aka cike da shara ya daina riƙe ruwan damina, sai ruwan ya nemi hanya ta cikin gidaje. Ruɓewar da ba iska tana haifar da iskar da kusan rabinta metan ce, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Jujin Olusosun na Legas ya yi gobara a watan Maris na 2018, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye. Jujin Koshe na Adis Ababa ya zaftare a Maris na 2017 ya kashe fiye da mutum 100, na Kiteezi a Kampala shi ma ya zaftare a Agustan 2024. Darasin gangaren tsibi, da magudanar ruwa a kewayen juji, da tazarar gidaje, daga waɗannan ya kamata a ciro shi. Aikin gwaji mai sauƙi: a ɗebi ruwan rijiyoyi a nisa daban-daban daga wani juji, sama da shi da ƙasa da shi, da rani da damina, a kwatanta.

Kuɗi, wanda ake barin wa 'yan sashen tattalin arziki

Kwashewa da jigila su ke cinye mafi yawan kasafin shara a birane irin namu, amma su ake ba lokaci mafi ƙanƙanta a aji, wataƙila don ba su da ƙyalli irin na injin ƙonawa. Ga irin lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya iya a tsaye. A ce unguwa mai mutum 100,000, kowa na fitar da rabin kilo: tan 50 ke nan a rana. In kubik mita ɗaya na da nauyin kilo 350, shara ta kai kubik mita 143. Tifa mai cin kubik mita 10 za ta yi sawu 15. In cunkoso da nisan juji ba sa barin mota ta wuce sawu uku a rana, ana buƙatar mota biyar, da ta shida don ranar da ɗaya ke wurin bakanike. Sai a ɗora dizal, da albashin direba da leburori, da taya, a raba da yawan gidaje, a ga nawa ya faɗo kan kowane magidanci a wata. Sannan a tambayi ɗalibin yadda sharar za ta fito daga lungunan cikin birni da mota ba ta shiga, nan zai gane matsayin baro da keke mai ƙafa uku da wurin tarawa na wucin gadi.

Dokoki kuwa haddarsu ake sa ɗalibai: sharar guba da aka jibge a Koko ta jihar Delta ta yau daga Italiya a 1988, kafa hukumar kare muhalli ta tarayya FEPA a shekarar, yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli NESREA a 2007. Abin da ya fi amfani shi ne a nuna musu cewa tsarin mulkin 1999 ya lissafa zubar da shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a manyan birane hukumomin jiha irin REMASAB da LAWMA ta Legas ke yi, sannan a tambaye su wa za a kama idan bola ta toshe titi.

Sai fita fili. Wasu malaman ba sa fita sam, wasu kuma su kwashi ɗalibai zuwa juji da silifa, a ɗauki hoto a dawo. Duk wanda zai taɓa shara sai da safar hannu mai kauri, da takalmin roba, da takunkumi, da allurar rigakafin tetanus, kuma ba a cusa hannu cikin buhun da ba a juye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na sharar asibiti ne mai haɗari, amma da zarar ƙananan asibitoci da shagunan magani sun zuba allurai cikin bolar unguwa, duk bolar ta zama abin tsoro. A nemi izinin mai unguwa da na masu aiki a jujin tun kafin ranar, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda.

Duk wannan ba zai zauna ba matuƙar jarrabawa tana nan a kan "kawo ma'anar shara" da "lissafa hanyoyi biyar na zubar da ita". Ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A ba shi taswirar wata unguwa, da alƙaluman da ajinsu ya auna a farkon zango, da kasafin kuɗi ƙayyadadde, a ce ya tsara kwashewa, ya zaɓi abin da za a yi da ragowar abinci, ya nuna inda 'yan gwangwan za su shiga, ya kare zaɓinsa da lissafi. A ware aƙalla kashi 40 cikin ɗari na makin kwas ɗin ga aikin fili da rahotonsa, kuma a gayyaci wani jami'in hukumar kwashe shara ko tsohon duba-gari ya zauna cikin masu sauraro ranar da rukunoni za su gabatar da abin da suka samo.