Yadda za ka rubuta tarihin tsohon sojan gidanku

'Yan mazan jiyan da suka yi yaƙin Bama a Runduna ta 81 da ta 82 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma da yawansu ba wanda ya zauna ya ɗauki labarinsu. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 sun haura saba'in. In akwai ɗaya a gidanku, kada ka jira.

Fara da takardu. Roƙe shi ya buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. Takardar sallama za ka fara nema, don a cikinta ake samun lambarsa ta soja, da shekarar da aka ɗauke shi, da muƙamin da ya fita da shi, kofur ne ko saje ko samanja. Ɗauki hoton kowane shafi da waya, haka ma lambobin yabo, gaba da baya. Kada ka fita da takardun asali daga gidan, da su yake zuwa tantancewar fansho.

In za ku zauna hira, bayan la'asar ya fi, sa'ad da gida ya yi shiru. Kada ka ce, "Baba, ba ni labarin yaƙi." Zai ce maka abin da ya wuce ya wuce. Ka ce, "Baba, wa ya raka ku Zariya ranar da kuka shiga depo?" In ya je Kongo a 1960 ko Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, tambayi abin da suke ci da yadda wasiƙa take iso su. Nemi izininsa kafin ka kunna rikoda. In ya yi shiru ya kau da kai, ƙyale shi. Maganar mutum nawa ya harba kuwa, kada ta fito daga bakinka.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda muke rufe littafi daga ranar sallama, alhali shekarun bayanta sun fi yawa. Tambaye shi zamansa a ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964. Wane muƙami ya riƙe? Matan abokan aikinsa da suka rasu, wa yake bi musu haƙƙinsu? Da wa yake jerawa a faretin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya? Shi ba zai yabi kansa ba, don haka ka je ofishin ƙungiyar mafi kusa, abokansa za su faɗa maka abin da ya ɓoye. Daga nan ka ga mai unguwa da liman, su suka san ko shi ya horar da 'yan sintiri ko shi ake kira in rigimar fili ta tashi.

In ka gama rubutawa, karanta masa da babbar murya ya gyara sunaye da shekaru. Abin da ya ce a cire, cire shi. Sannan ka buga, ka ba kowane ɗaki na gidan kwafi, ka kai ɗaya ofishin ƙungiyar.