Yadda Ake Daidaita Ɗakin Gwajin Juriyar Na'ura ga Igiyoyin Rediyo

Ƙa'idar IEC 61000-4-3, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwada juriyar na'urori ga igiyoyin rediyo, ita ce jagora a wannan aiki.

1. Fitar da na'urar da za a gwada. Ɗaki babu ita ake daidaitawa.

2. Kafa eriya mita 3 daga filin awo. Filin murabba'i ne a tsaye, mita 1.5 kowane gefe, gindinsa na sama da daɓe da santimita 80. Raba shi maki 16, wato wuraren ɗaukar awo, rabin mita tsakaninsu.

3. Sa ma'aunin ƙarfin igiya a makin farko, ka tashi daga 80 MHz (MHz awon saurin kaɗawar igiya ne), kana ƙara kashi 1 cikin ɗari har 1000 MHz. Yi awon da tsurar igiya, wadda ƙarfinta ba ya hawa da sauka, mai ƙarfi ninki 1.8 na matakin gwaji, wato 18 V/m (volt a kowace mita) in gwajin na 10 V/m ne, domin lokacin gwaji ƙarfin igiyar na hawa da sauka, kuma ƙololuwarta can take kaiwa. Nan amfilifaya (na'urar ƙara wa igiya ƙarfi) mai rauni ke tona kanta.

4. Bi sauran makin. Aƙalla 12 su faɗa tsakanin 0 da +6 dB, wato daga ƙarfin da ake nema zuwa ninkinsa biyu.

5. Juya eriya, a kwance da a tsaye, ka maimaita.

6. Shata wurin eriya, wayoyi da kayan tsotse igiya a daɓe. Ko ɗaya ya gusa, sai sabon awo.