Ga masu son furen haidirenjiya ya yi shuɗi

Salam 'yan uwa. Wata Hajiya ta tambaya me ya sa furenta ya koma ruwan hoda alhali shuɗi ta saya. Ba a cuce ki ba Hajiya, ƙasar da kika shuka shi ce. Wannan fure, ɗan asalin Japan, launinsa na bin tsamin ƙasa: in ma'aunin tsami da ake kira pH ya yi ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, sai shuɗi, in ya haura 6.5, wato tsamin ya ragu, sai hoda.

Ni ma na taɓa yin wannan ɓarna a nan Jos. Tokar murhu na riƙa zuba wa tukunyar, wai taki nake ba ta, ashe toka kashe tsami take. Damina ta zagayo, ga furanni curi-curi kamar dunƙulen fura, amma ko ɗigon shuɗi babu.

Abin da ya gyara mini: alif, wanda muke tace ruwa da shi. Cokali 1 a lita 4 na ruwa, sau ɗaya a wata, kuma sai bayan kin jiƙa ƙasar, kada saiwa ta ƙone. Ki yi haƙuri, sai fure na gaba za ki ga canji. Farin kuwa ba ya canzawa, kada ki wahalar da kanki.

Ranar safe yake so, da inuwa daga azahar. Shegen shan ruwa gare shi. Mutanen Kano da Sakkwato, gaskiya zafin bazara zai ba ku wahala.

A nesanta shi da awaki da yara, ganyen na da guba.