Yadda nake dafa gahawa da tukunyar moka a gida

Jama'a tun ranar da wasu abokaina suka sha gahawa a ɗakina a unguwar Nima ta Accra suke ta tambayata wai wane irin Nescafé nake saye, alhali ba Nescafé ba ne sam, garin gahawa ne na gaske da ƙaramar tukunyar nan da ake kira moka. Yayana da ke zaune a Italiya ne ya kawo min ita, a can kusan kowane gida akwai ta. Kamfanin Bialetti ne ya fito da ita a 1933, ta alminiyum mai kusurwa 8, sunan kuma daga Mokha ne, tashar jirgin ruwa ta Yaman da ta yi suna wajen fitar da gahawa. Abin da ya sa na riƙe ta hannu biyu shi ne ba ruwanta da wutar lantarki, ko an ɗauke wuta kwana biyu in dai akwai gas ko gawayi za ka sha.

Kashi uku ce. Ta ƙasa inda ake zuba ruwa, sai mazurari mai ƙananan huji da ake cikawa da gari, sai ta sama inda gahawar ke taruwa, a ƙarƙashinta akwai rariya da zoben roba. In ruwa ya yi zafi tururi ne ke danna shi ya haura ya ratsa garin ya fito sama. Ƙarfin dannawar, a ma'aunin matsi da ake kira bar, bai wuce 1 zuwa 2 ba, injin kanti mai yin espresso, wato gahawar nan mai kauri, kuwa yana kai 9, don haka kar ka sa ran kumfa mai kauri irin nasu, amma gahawar kam tana da ƙarfi.

Fara da gari. Wanda ake nomawa a nan Ghana, musamman tsaunukan yankin Volta wajen Hohoe, yawanci nau'in da ake kira robusta ne, ya fi nau'in arabika ɗaci kuma sinadarin da ke hana barci ya kusa ninka na arabika, ni da shi nake amfani kuma ina son shi, sai dai baya yafe kuskure. Niƙan ya zama kamar gishirin leda, kar ya yi laushin fulawa don zai toshe rariya, kar kuma ya yi tsakin garin rogo don ruwa zai wuce salam ba ɗanɗano. Dan Allah kar ka kai ƙwayar gahawa injin niƙa na kasuwa inda ake markaɗa barkono da masara, ƙamshin zai kama ta. In ba ka da ƙaramin injin hannu ka sayi niƙaƙƙe, ka juye a kwalba mai murfi saboda danshin Accra yana kashe ƙamshi da wuri.

Ruwa kuma ni tafasa shi nake fara yi a buta sannan in zuba a ta ƙasa, dalili shi ne in ka fara da ruwan sanyi tukunyar za ta daɗe a wuta, garin na ciki yana ta gasuwa kafin ruwa ya iso shi. A jikin ta ƙasa za ka ga ɗan bawul kamar kan ƙusa, ruwa ya tsaya a ƙasansa, kar ya rufe shi, don ta nan tururi ke fita in wani abu ya toshe. Sai ka sa mazurari ka cika shi da gari har baki, ka share saman da yatsa ya daidaita. Kar ka danna! Mutane da yawa suna ganin masu kanti na dannawa sai su kwaikwaya, wannan tukunyar ba ta da ƙarfin tura ruwa cikin garin da aka danne. Ka goge bakin kar gari ya maƙale a kan roba, ka riƙe ta ƙasa da tsumma tunda da zafi, ka murɗa ta sama ta ɗauru sosai.

Toh yanzu wuta, kuma wallahi nan ne duk maganar take. Sati biyun farko abin da nake dafawa ɗaci ne kamar maɗaci da warin ƙuna, har na fara cewa garin ne ba kyau, ashe ni ne nake buɗe gas har ƙarshe saboda ina sauri in kama tirotiro, wato motar haya. Wuta kaɗan ake so, harshenta kar ya wuce gindin tukunya ya lashi gefe, in ya wuce har mariƙin zai narke. In kan murhun ya yi mata faɗi ka ɗora ɗan ragar ƙarfe ta zauna a kai. In kurfoti ne ka bari gawayi ya gama ruruwa ya zama garwashi, ka ture shi gefe ka bar kaɗan a tsakiya. Ka bar murfi a buɗe ka tsaya a wajen, ba lokacin shiga wanka ba ne. Bayan 'yan mintoci za ka ga tana tsattsafowa a hankali, baƙa mai kauri kamar zuma, haka ake so, in kuwa tana feshi tana fantsama to wutar ta yi yawa, ka rage. Da launin ya fara komawa fari-fari ka ji ta fara ƙara kurr-kurr, ka rufe murfi ka sauke nan take, wannan na ƙarshen tururi ne kawai ke ƙona gari, shi ne ɗacin. Ni har gindin nake tsomawa a roba mai ruwan sanyi don ta tsaya cak. Ragowar ruwan da ka gani a ƙasa ba asara ba ne, dama ana barin sa.

Ka juya da cokali kafin ka zuba don na farko ya fi na ƙarshe kauri. Kuma in an ce tukunya ta kofi 3 ce, ƙananan kofunan Italiya ake nufi, duka bai cika kofin mai shayi ɗaya ba, kuma ba a cika ta rabi, in ku da yawa ne ka nemi ta kofi 6. In ta yi maka ƙarfi ka ƙara ruwan zafi ko madarar Ideal da sukari. Lokacin hunturu ina jefa kanumfari ɗaya da ɗan garin citta a kofi, ba a cikin mazurari ba, in haɗa da ƙosai mai zafi ko burodi.

Wanki ba wuya, ka bari ta huce, ka kwance, ka zubar da dusar, ka ɗauraye da ruwa zalla ba soson ƙarfe, ka bar kowane ɓangare ya bushe daban kafin ka haɗa, in ba haka ba alminiyum ɗin zai yi fari-fari a ciki. In sabuwa ce dahuwa biyu ko uku na farko zubarwa ake yi. Ranar da ka ga tururi na fita ta tsakiya duk da ka ɗaure da kyau, zoben robar ne ya mutu, canza shi ake yi, shi ya sa in wani zai taho maka da tukunyar ka ce ya haɗo da roba biyu daidai girmanta.