Kurakuran da aka fi yi wajen karanta "Waiting for Godot" na Samuel Beckett

Ɗalibai da yawa kan ajiye wannan wasan kwaikwayo tun kafin kashi na farko ya ƙare, su ce babu labari a ciki. Galibi matsalar daga yadda aka tunkare shi take.

Babban kuskure shi ne ɓata lokaci wajen gano ko wane ne Godot, wanda ake ta jira a wasan amma bai taɓa zuwa ba. Wasu su ce Ubangiji ake nufi, wasu su ce mutuwa. Beckett, ɗan Dublin da ya rubuta wasan da Faransanci tsakanin 1948 da 1949, ya faɗa cewa da Ubangiji yake nufi da ya ambace shi kai tsaye. Ka bar wanda ake jira, ka zuba ido kan masu jiran. Vladimir da Estragon, mutum biyun da ke jiransa, suna cacar baki su shirya, su ci karas, su yi fama da takalmi, su ce za su tafi amma ko motsi ba su yi. Fursunonin San Quentin da ke Amurka, da aka nuna musu wasan a 1957, sun karɓe shi hannu bibbiyu, don sun san ciwon jira.

Wani kuskuren kuma shi ne karanta shi da ɗaurarriyar fuska kamar littafin falsafa. Musayar huluna da wandon Estragon da ke zamewa duk barkwanci ne da gangan. Ku samu aboki ku karanta da babbar murya, za ku ji dariyar na fita daga cikin baƙin cikin.

Akwai masu tsallake umarnin "shiru" da marubucin ya warwatsa tsakanin maganganu. Kada ka yi haka. Ka dakata da gaske, domin a wannan shirun ne tsoron mutanen biyu ke bayyana.

Sai masu ɗaukar kashi na biyu maimaici ne kawai. A sake dubawa da kyau: itacen da suke jira a gindinsa, wanda yake fayau a kashi na farko, ya fitar da 'yan ganyaye, Pozzo, matafiyi mai izza da ya ratsa ta wurinsu, ya makance, bawansa Lucky da ya yi dogon jawabi ya zama bebe, yaron aiken Godot kuwa ya ce bai taɓa ganin Vladimir ba. Ɗauki biro ka riƙa rubuta abin da ya sauya tsakanin kashin biyu, da abin da Vladimir ke tunawa alhali Estragon ya manta.