Yadda Mai Bi Zai Gane Gunkin da Ya Ɓuya a Zuciyarsa

Idan aka ambaci bautar gumaka, hankalin yawancinmu yakan tafi ga tsafi da sassaƙaƙƙen itace, mu ce wannan zancen kakanni ne. Amma macijin tagullar da Musa ya ƙera a jeji, Allah ne ya umarta a yi shi, duk wanda maciji ya sara kuwa, idan ya dube shi sai ya rayu. Bayan ɗaruruwan shekaru Isra'ilawa suka shiga ƙona masa turare, har sai da sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna. Gunkin da ya fi wuyar ganewa shi ne kyautar Allah da aka ɗora a mazaunin Allah, irinsa ne kuwa za ka nema a wannan bincike.

Ka keɓe kanka, ka yi addu'a, ka ɗauki takarda ka amsa tambayoyi uku ba tare da kare kanka ba. Ranar da mummunan labari ya same ka, wa ka fara nema? Mene ne idan ka rasa shi za ka ce taka ta ƙare? Saboda me ka taɓa yin ƙarya ko ka yi shiru a kan zalunci? Ta ukun ta fi tona asiri, domin abin da mutum ya yarda ya yi zunubi don kada ya kuɓuce masa, ya riga ya zama ubangijinsa, ko albashi ne, ko ubangida mai tsaya masa, ko sunan gidansu. Shi ya sa Bulus ya kira kwaɗayi bautar gumaka a Kolosiyawa 3:5.

Daga nan ka dubi kayan ibada, gama nan ne muka fi yin tuntuɓe. A 1 Sama'ila 4, da Filistiyawa suka ci Isra'ilawa, dattawa suka sa a ɗauko akwatin alkawari zuwa fagen fama, ba tare da kowa ya tuba ba. Sojoji 30,000 suka mutu, aka kuma ƙwace akwatin. Abin yana ci mini rai idan na ga mai bi yana jin tsoron fita ba tare da kwalbar man shafewa ba, ko ya ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi alhali ba ya buɗe shi, ko ya ɗauka cewa addu'arsa ba ta isa sama sai ta bi ta bakin wani fasto. Wannan laya ce aka sauya wa suna. Ka girmama fastonka, amma ka tuna shi ma bawa ne.

Kada ka zarce har ka ƙi asibiti ko adashi. Luka likita ne. Laifin sarki Asa a 2 Tarihi 16:12 shi ne bai nemi Ubangiji ba a cikin ciwonsa, ya jingina ga masu magani kaɗai.

Abin da ka gano, ka furta shi da sunansa a gaban Allah, sannan ka bi furcin da aiki. Idan laya ce ko guru, ka kai wa dattijon ikkilisiya ku ƙone tare, kamar yadda masu sihiri suka ƙone littattafansu a Afisa, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Dukiya ba a ƙone ta, a nan Zakka mai karɓar haraji na Luka 19 ne abin koyi: ka mayar da haƙƙin wanda ka cuta, ka kuma yi kyautar da za ka ji ta a jikinka. Idan ubangida ne, ka ci gaba da yi masa ladabi, amma ranar da ya nemi ka yi ƙarya dominsa, ka ƙi. Ka nuna wa amintaccen ɗan'uwa takardar, ku sa rana bayan wata uku ku sake bin tambayoyin tare.